Lalube Cikin Duhu

  Muna miƙa gaisuwa ga 'yan'uwa na Biu da Garkida, na Lassa da Uba, na Askira da Cibok da Micika, da mutanen Gwoza waɗanda gudun hijira ya warwatsa har zuwa Minawao a ƙasar Kamaru. Allah ya ƙara mana ƙarfi.

Yau kalma ɗaya ce za mu riƙe, kalmar da ko yaro ya sani: lalube. An ɗauke wuta da tsakar dare, jariri yana kuka, uwa ta tashi tana shafa tabarma, tana shafa bango, tana neman tocila ko ashana. Ido yana nan a buɗe amma ba ya aiki, sai hannu ya karɓi aikin ido. Wannan shi ne lalube. Yawancinmu da ke sauraro ba da Hausa aka yi mana goyo ba. Ku ɗan dakata ku tuna yadda ake faɗin abin nan da Bura, ko Margi, ko Kibaku, ko Kamwe, ko Glavda. In yaranku ba su san kalmar ba, ku koya musu ita a daren nan.

Abin da ya ja hankalinmu shi ne yadda Bahaushe ya ɗauke kalmar daga hannu ya kai ta wuraren da babu hannu. Mai gida ya fita da asuba, a tambaye shi ina za shi, ya ce zai je laluben abin da yara za su ci. A labaran rediyo kullum muna jin manya sun zauna domin lalubo bakin zaren wata matsala, kamar tsohuwa da zarenta ya cukurkuɗe. Ɗalibin da bai yi karatu ba yana laluben amsa. Likitan da ba shi da kayan gwaji, yau ya ba da maganin zazzaɓin cizon sauro, gobe na taifot, sai a ce lalube yake yi cikin duhu. Ɓarawon tasha ma an ce ya lalube aljihun matafiyi. Akwai kuma ma'anar da ta fi wannan muni, ta namijin da ke kai hannu jikin macen da ba ta yarda ba. 'Yan matanmu da suka yi layin karɓar abinci a sansani sun san ta, kuma wannan zunubi ne da laifi, kada kowa ya kira shi wasa. Masu jin Turanci sun gaya mana cewa kalmarsu ma haka ta yi tafiya, daga neman ƙofa cikin duhu zuwa neman kalma a baki da neman mafita, har zuwa wannan ma'ana ta kunya. Ashe kowane harshe ya lura cewa zuciya tana da nata hannu, tana kuma da nata dare.

Mu mutanen Maiduguri ba sai an yi mana bayanin duhu ba. A ƙarshen Janairu 2021 'yan bindiga suka fasa turakun da ke kawo wuta daga Damaturu. Aka gyara cikin watan Maris, muka yi murna, kwana kaɗan suka sake fasawa. Kusan shekara guda muka yi a haka. Masu walda suka zauna, masu ƙanƙara suka tsawwala kuɗi, wanda ba shi da janareta ya koyi inda kowace kujera take a ɗakinsa. Kafin wannan, cikin Mayu 2013, da aka kafa dokar ta ɓaci, an rufe layukan waya. Makonni suka zama watanni, mutum yana riƙe da waya a hannu amma ba ya iya sanin ko mahaifiyarsa a ƙauye tana da rai. Sai kuma daren 9 ga Satumba 2024, wayewar 10 ga wata, da madatsar Alau ta ɓalle. Mutanen Gwange da Fori da Gamboru suka farka cikin ruwa. A daren nan da ƙafa aka yi lalube. Mutum yana ɗauke da yaro a wuya, yana tura ƙafa a hankali don ya san ina titi ya ƙare, ina kwata ta fara, ga kuma labarin cewa macizai da kadoji sun fita daga gidan namun daji. Ruwan bai tambayi kowa addininsa ba, hannuwan da suka ciro mutane ma ba su tambaya ba.

Amma cikin waɗannan uku, in kun tambayi tsofaffi wanne ya fi ciwo, da yawa za su ce na wayar. Hausawa sun ce rashin sani ya fi dare duhu. Wuta ta dawo, ruwa ya janye, layin waya ya buɗe, amma akwai gidajen da har yau ba su fita daga wancan duhu na rashin sani ba. A shekara ta 2019 ƙungiyar agaji ta Red Cross ta duniya ta ce tana riƙe da sunayen mutum kusan 22,000 da suka ɓace a Nijeriya, kuma fiye da rabinsu yara ne a lokacin da suka ɓace. 'Yan makarantar Cibok 276 aka kwashe ran 14 ga Afrilu 2014, kuma da aka cika shekara goma, sama da 80 ba su dawo ba. Su duniya ta san da su. Akwai dubbai da babu wanda ya buga hotonsu. Wanda nasa ya mutu ya yi makoki, an zo an yi masa gaisuwa, an share hawaye. Wanda nasa ya ɓace ba shi da kabarin da zai nuna, ba shi da ranar da zai ce yau ce. Shi ne babban mai lalube a cikinmu, kuma saboda shi muka ɗauko maganar yau.

Ku buɗe Littafin Farawa sura 27. A can akwai wani tsoho mai lalube, Ishaku. Ya tsufa, idonsa ya dushe. Ya kira ɗan farinsa Isuwa ya aike shi farauta, domin ya ci naman ya sa masa albarka kafin ya mutu. Rifkatu tana ji. Ta kira Yakubu ta shirya masa dabara. Ku lura da abin da Yakubu ya ji tsoro a aya ta 12. Bai ce yana tsoron Allah ba, bai ce ƙarya ba ta da kyau ba. Tsoronsa shi ne kada mahaifinsa ya shafa shi ya gane, gama Isuwa gargasa ne, shi kuwa jikinsa sumul. To, sai uwar ta yi maganin wannan. Ta ɗauki fatun 'yan awaki ta rufe masa hannu da wuya, ta sa masa tufafin wansa. Wato sun zauna sun yi nazarin yadda makaho yake gane abu, suka shirya wa hannunsa abin da yake so ya taɓa.

Ishaku fa ba wawa ba ne. Ku karanta a hankali ku ƙirga sau nawa ya yi shakka. Ya tambayi ko wane ne. Ya tambayi yadda aka yi naman ya samu da wuri haka, sai Yakubu ya jawo sunan Allah cikin ƙaryarsa, ya ce Allah ne ya kawo masa sa'a. Tsohon bai gamsu ba, ya ce ya matso ya taɓa shi. Da ya shafa, ya faɗa da bakinsa cewa muryar da kunnensa ke ji ba ta dace da hannuwan da yake taɓawa ba. Ya sake tambaya ko da gaske Isuwa ne. Ya ci abinci, ya sansana tufafi. Shaidu uku, hannu da harshe da hanci, suka ce Isuwa ne. Shaida ɗaya, kunne, ya ce a'a. Kuma wannan ɗayan shi ne mai gaskiya. Ishaku ya bi masu yawa. Da Isuwa ya shigo daga daji, aya ta 33 ta nuna mana tsohon yana makyarkyata.

Mun san Allah ya riga ya faɗa wa Rifkatu tun yaran suna ciki cewa babban zai bauta wa ƙaramin, kuma ya cika nufinsa duk da wannan ƙarya. Amma ƙaryar ba ta tafi a banza ba. Yakubu ya yi shekara 20 a gidan Laban, inda shi ma aka ruɗe shi cikin duhu, aka kai masa Lai'atu a maimakon Rahila. Wanda ya ruɗi mai lalube, shi ma ya kwana yana lalube.

Darasin da muke so mu ɗauka a nan ƙarami ne amma yana da nauyi. Hannun mai lalube yana kama abin da ya fara cin karo da shi, kuma akwai masu jira su sa masa abu a hannun. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi.

Wata uwa a ikkilisiyar da muke hidima, ba za mu faɗi sunanta ba, ɗanta ya ɓace a shekarar da aka ci garinsu. Da ƙafa ta iso Maiduguri, ta fara rayuwa daga tushe, har zumuntar mata suka taimaka mata da keken ɗinki. Wata rana wata ta gaya mata akwai wani mai addu'a da ake nuna wa abubuwa. Ta je. Ya rufe ido, ya faɗi sunan ƙauyensu, ya ce yaron yana da tabo a ƙafa. Ta fashe da kuka, gama gaskiya ne. Ya ce yaron yana da rai amma an ɗaure shi a ruhaniya, sai an yi azumi da baiko na musamman. Ta bayar. Wata ya zagayo ya ce an kwance igiya ɗaya, saura biyu. A ƙarshe keken ɗinkin ya tafi. Da ta zo wurinmu muka tambaye ta, "Mama, wadda ta kai ki wurinsa, kin taɓa ba ta labarin tabon nan?" Ta yi shiru, can ta ce, "Malam, na gaya mata. Wa ban gaya wa ba?" Sai ta ƙara wata magana da ba mu manta ba. Ta ce tun ran farko wani abu a zuciyarta ya ce mata wannan murya ba ta makiyayi ba ce, amma ta ji tsoro kada ta ƙi, ya zama ita ce ta rufe wa ɗanta ƙofa.

Kun ga fatar akuya? Sunan ƙauye da tabon ƙafa su ne gashin da aka ɗaura wa hannu. Sunan Allah kuma an jawo shi ciki, daidai yadda Yakubu ya yi. Ba mu zargi uwar nan ba, ba za mu kuma yarda wani ya zarge ta ba. Mu da ke cikin ikkilisiya ne ya kamata mu ji kunya, domin ta yi watanni tana zuwa can babu wanda ya lura. Kuma kada wani ya ce wannan aikin boka ne kaɗai. Mutumin nan Littafi Mai Tsarki yake riƙe da shi, waƙoƙinmu yake rerawa.

Saboda haka ga shawara, kai tsaye. In naka ya ɓace, ka je ofishin Red Cross ka ba da sunansa da kamanninsa da inda aka rabu. Ba a biyan ko kwabo, kuma ta hanyar nan an haɗa yara da iyayensu har daga Kamaru da Cadi da Nijar. Ba mu ce lalle za a same shi ba, su ma ba za su yi maka wannan alkawari ba, kuma rashin yin alkawarin yana cikin abin da ya sa muka yarda da su. In wani ya kira ka a waya ya ce ɗanka yana hannunsa, ka tura kuɗi, ka ce a ba ka yaron ka ji muryarsa, ka tambaye shi da harshenku abin da ku biyu kaɗai kuka sani. In mai addu'a ya sa wa wahayi farashi, ko ya ce kada ka gaya wa fastonka, ko mijinki, ka tashi ka bar wurin. Kada ka je irin wurin nan kai kaɗai. Da Ishaku yana da mutum ɗaya mai ido a ɗakin, mai gaskiya, da maganar ta ƙare cikin minti guda.

Akwai wani irin lalube kuma a cikin Littafi, wanda ake yi da rana tsaka. Maimaitawar Shari'a 28:29 ta sa shi cikin la'anonin da za su bi jama'ar da ta juya wa Allah baya. Annabi Ishaya a sura 59 ya zana mutanensa suna shafa bango suna tuntuɓe alhali rana tana sama. In ka karanta surar daga farko za ka ga dalili: hannuwa da jini, baki da ƙarya, shari'a ta zama ta mai ƙarfi, gaskiya ta faɗi a dandali. Hasken yana nan, su ne suka lalata idonsu. Wannan ya shafe mu. Lokacin da kayan agaji suka zo bayan ambaliya, a wurare da yawa an rubuta sunaye, kuma ba gwauruwa ce kullum take zuwa a farkon takarda ba. Dattijon da ya sa sunan ƙaninsa sau biyu ya tsallake marainiya, in gobe ya zauna a taron majalisa yana cewa mu lalubo dalilin da ya sa matasa suke barin sujada, to lalube yake yi da rana tsaka.

Sai dai mu yi hankali da wannan aya, kada mu mai da ita sanda. Abokan Ayuba sun yi haka. Elifaz, a sura 5, ya yi maganar masu wayo da ke lalube da tsakar rana, yana so Ayuba ya ɗauka cewa wahalarsa hukunci ce. Ayuba ya mayar masa a sura 12 cewa har shugabannin duniya Allah yakan bar su su yi ta lalube ba haske. A ƙarshen littafin kuwa Allah da kansa ya ce abokan nan ba su faɗi daidai game da shi ba. Don haka in ka ga uwar da ɗanta ya ɓace, kada ka fara binciken zunubinta. Ita dare ne ya same ta na gaske.

Yanzu mu tafi Atina, Ayyukan Manzanni sura 17. Bulus yana jiran Sila da Timoti, yana zagaya birnin, ransa ya ɓaci da yawan gumaka. Masana suka kai shi Tudun Arasa su ji wannan baƙuwar koyarwa. Da mu ne, wataƙila da zagi za mu fara. Bulus ya fara da wani bagade da ya gani, wanda suka keɓe wa allahn da ba su san sunansa ba. Ya ga hannu a miƙe cikin duhu, bai buge hannun ba. Ya gaya musu cewa Allah ɗaya ne ya yi dukan kabilu daga mutum ɗaya, shi ya yanka wa kowace zamaninta da iyakar ƙasarta. A aya ta 27 ya faɗi dalili, kuma a nan ne kalmarmu take. Allah ya shirya haka domin mutane su neme shi, su miƙa hannu kamar mai lalube ko sa taɓa shi. Nan take kuma ya ƙara cewa wanda ake neman yana kusa da kowa.

Wannan aya tana da daɗi a kunnen ɗan ƙaramar kabila. Dutsen da kakanninka suka zauna a kai, da harshen da wasu ke yi wa dariya a kasuwa, ba kuskure ba ne. Masu bishara sun yi sujadarsu ta farko a Garkida a shekara ta 1923, a gindin tsamiya. Cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa ya fito a 1932. Amma kafin wannan duka Bura suna kiran Hyel, Margi suna kiran Iju, Kamwe suna kiran Hyalatamwe. Da aka zo fassara, sunayen nan aka tarar, su aka ɗauka. Ba mu ce duk abin da kakanni suka kama daidai ne ba. Sun kama tsafi, sun kama tsoron maita, an zalunci tsofaffin mata da yawa a kan zargi. Hannu ne cikin duhu, ya kama mai kyau ya kama mugu. Amma wanda ya ce ba su taɓa neman Allah ba, bai karanta wa'azin Bulus ba.

A makarantar Littafi Mai Tsarki wani malaminmu ya nuna mana abin da ya sa muka kasa barci. Ya ce kalmar Helenanci da Luka ya rubuta a wannan aya, wadda muke cewa lalube, sau huɗu kaɗai ta fito a Sabon Alkawari. Ita ce kuma tsohuwar fassarar Helenanci ta sa a labarin Ishaku yana shafa Yakubu. Ya ce mu buɗe Luka 24:39. Daren ranar tashin Ubangiji ne. Almajirai suna ɗaki, Yahaya ya gaya mana sun kulle ƙofa don tsoro. Sun ji labari daga mata, sun ji daga Bitrus, sun ji daga mutum biyu na hanyar Imuwasu, amma ba su san abin da za su kama ba. Su ma nasu ya ɓace, kabari ba kowa. Yesu ya tsaya a tsakiyarsu, suka firgita, suka zaci fatalwa ce. Sai ya nuna musu hannuwansa da ƙafafunsa, ya ce su taɓa shi. Kalmar da ya yi amfani da ita, ita ce wannan. Da Hausar gida, cewa ya yi su lalube shi.

Ku sa labaran nan biyu gefe da gefe. A ɗakin Ishaku an rufe hannu da fata domin mai taɓawa ya ruɗe. A ɗakin almajirai an buɗe hannu, ga ramin ƙusa a fili. Can Yakubu yana tsoron a shafa shi. Nan Yesu ne yake cewa a matso. Can an kawo wa tsoho abinci don a rufe masa baki, nan Ubangiji ne ya roƙi abinci, suka ba shi gasasshen kifi ya ci a gabansu. Murya da hannu suka zama na mutum ɗaya. Bayan kwana takwas ya dawo saboda Toma kaɗai, wanda ya rantse ba zai gaskata ba sai ya sa yatsa. Mun saba kiransa Toma mai shakka, amma mu da muka ga abin da ya sami uwar nan, ba ma ganin laifin mutumin da ya ce sai ya tabbatar. Yahaya ma da ya tsufa, da ya fara wasiƙarsa ta fari, wannan kalma ya sake ɗaukowa, yana shaida cewa da hannunsu suka taɓa shi.

To ga ma'auni a hannunku. Wanda ya zo da sunan Yesu amma yana fushi in an yi masa tambaya, yana ɓoye hannunsa, ba halin Ubangijinsa ya ɗauko ba.

Wani zai ce, Malam, su sun taɓa, mu fa? Gaskiya ne, ba mu da jikinsa a ɗakinmu. Muna da shaidar waɗanda suka taɓa, a rubuce, kowa yana iya buɗewa ya bincika. Muna da gurasa da ƙoƙo da ake sa mana a hannu a teburin Ubangiji. Muna kuma da Ruhu Mai Tsarki. A nan bari mu yi magana da tsofaffinmu. Mun sha ganin kaka a sujada, an ce ta yi addu'a, ta fara da Hausa tana laluben kalma, ta tsaya, ta ji kunya, ta ce a ba wani. Kaka, ki juya zuwa harshenki. Wanda ya yanka wa kabilarki iyaka yana jin sa. In harshen ma ya ƙare, sai nishi, Romawa 8:26 ta ce Ruhu yana ɗaukar wannan nishin ya kai inda kalma ba ta kaiwa.

Abu na ƙarshe shi ne jagora. A Markus sura 8 an kawo wa Yesu makaho a Betsaida. Kafin ya taɓa idonsa, sai da ya kama hannunsa ya yi tafiya da shi har bayan gari. Warkarwar ma ba ta zo gaba ɗaya ba, da farko mutane yake gani kamar itatuwa suna yawo, sai da aka sake taɓa shi. Shawulu ya yi kwana uku a Dimashƙu ba ya gani, kuma Ubangiji bai buɗe masa ido daga sama ba, Hananiya ya aika, mutumin da ke tsoronsa. A ranakun ambaliya mun ga samari sun shiga ruwa har ƙirji, sun jeru, wannan ya miƙa tsohuwa ga wancan har ta kai tudu. Ba su kwashe ruwan ba, ba su iya ba. Sun dai san inda ƙasa take.

Bayan abin da ya faru, zumuntar mata na ikkilisiyarmu sun rubuta sunan kowane gida da ke da wanda ya ɓace, suka raba gidajen a tsakaninsu, mata biyu ga kowane gida. Ba sa zuwa da wahayi. Suna zuwa su zauna, su taya tsince wake, su tambaya ko wani ya kira a waya, ko wani ya nemi kuɗi. Su ne suka raka uwar nan ta ba da sunan ɗanta. Sun yi adashi sun saya mata wani keken, tsoho ne amma yana ɗinki. Har ranar da muke wannan magana ba a sami labarin yaron ba. Ranar Lahadi tana zama a benci na uku, wajen taga, kuma in an ce ta yi addu'a, da harshenta take yi, tana kiran sunansa.

Mako mai zuwa, in Ubangiji ya kai mu, za mu duba Bartimawas a bakin hanyar Yariko. Ku karanta Markus 10 daga aya 46 kafin lokacin. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda idonsa ya yi rauni. Sai mun sake saduwa, ku huta lafiya.